Matsayin Harshen Hausa a Aikin Tallafa wa Tsofaffin Sojoji da Iyalansu: Misali Daga Kuje

1.0 GABATARWA

A ranar 15 ga watan Janairun kowace shekara Nijeriya kan yi bikin da kafofin watsa labarai na Hausa suka saba kira Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. An zaɓi wannan rana ne saboda a cikinta Yaƙin Basasa ya ƙare a 1970. Kafin nan a ranar 11 ga Nuwamba ake yin bikin, kamar yadda ake yi a Ingila. A Abuja akan ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tattabaru, a yi wa waɗanda suka kwanta dama addu'a. To, amma mamaci ba shi da sauran buƙata in ban da addu'ar. Masu buƙata su ne sojojin da suka dawo da ransu, da matan da mazansu ba su dawo ba, da 'ya'yan da suke tashi a gidajen nan biyu.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana hanyoyin da ake bi wajen tallafa wa irin waɗannan bayin Allah, sa'annan ta nuna cewa babban ɓangare na aikin, wato sauraren mutum da kwantar masa da hankali, aiki ne na harshe. An ɗauki Kuje a matsayin misali. Za a ga cewa Hausa tana da yalwar kalmomin jaje da lallashi, amma har yanzu ba ta da tsayayyen suna ga ciwon da yaƙi kan bari a zuciyar soja, sunan da mai ciwon zai amsa ba tare da ya ji an zubar masa da mutunci ba.

2.0 KUJE DA MAZAUNANTA

Kuje ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi shida na Yankin Babban Birnin Tarayya, wanda aka ƙirƙiro a 1976. Sauran su ne Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kwali da ta cikin birnin Abuja. Garin yana kudu maso yamma da birnin, tazarar kimanin kilomita 40. Sarkin garin shi ake kira Gomo, kuma daga cikin mutanen ƙasar na asali akwai Gade da Gbagyi da Bassa. Tun da aka mayar da mazaunin gwamnati Abuja a watan Disamba na 1991, baƙi daga kowace kusurwa ta ƙasar nan suke ta kwararowa.

Abu biyu ne suka sa Kuje ta dace da wannan nazari. Na farko, sojan da ya yi ritaya dole ne ya bar gidan da aka ba shi a bariki, kuɗin haya kuwa a tsakiyar Abuja ya fi ƙarfin mai ƙaramin fansho. Don haka wanda ba ya son komawa garinsu sai ya nemi garuruwan gefe irin su Kuje da Gwagwalada da Kubwa, inda muhalli yake da dama-dama, ga kuma ƙasar noma. Na biyu, a kasuwa da tasha da ƙauyuka irin su Rubochi da Gaube, Hausa ita ce harshen da ya fi haɗa mutanen da harsunansu na gado suka bambanta. Saboda haka ma'aikacin lafiya ko malamin addini da zai zauna da matar tsohon soja a wannan yanki, akasari da Hausa za su gana, ko da kuwa babu Bahaushe a cikinsu.

3.0 HAUSA DA AIKIN SOJA

Dangantakar Hausa da aikin soja a Nijeriya ta girmi ita kanta Nijeriyar. Rundunar sojan ƙasar nan tana danganta asalinta ga 'yar ƙaramar rundunar da John Glover ya kafa a Ikko a 1863, wadda aka sani da sunan Hausawan Glover. Haka kuma a Rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya harhaɗa a 1897, Hausa ce harshen mu'amala tsakanin hafsoshi Turawa da sojoji, har zuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka ƙarfafa koyar da Ingilishi. Daga wannan cuɗanya ce aka sami nau'in Hausar nan da ake kira Barikanci. Daga nan ne kuma kalmomin aro irin waɗannan suka shigo:

(1) soja, kurtu, kofur, saje, samanja, hafsa, bariki, fareti, fansho, ritaya.

Idan aka lura, duk kalmomin da ke (1) sun shafi muƙami ne da tsari da haƙƙin aiki. Babu ko ɗaya da ta shafi halin da soja yake shiga bayan ya ajiye bindiga. A wannan fage Hausa tana da furuci biyu masu mabambancin nauyi. 'Yan mazan jiya furuci ne na girmamawa, wanda aka fi ji a rediyo da wuraren biki. Tsohon soja kuwa, ko da yake ma'anarsa ta zahiri ba ta da aibu, a bakin jama'a yakan ɗauki wata ma'ana ta daban:

(2) Rabu da shi, ka san tsohon soja ne.

Mai faɗin (2) yana nufin mutumin yana da saurin fushi, ko kuma kansa ba daidai yake ba. Wato al'umma ta daɗe da lura da cewa wasu daga cikin waɗanda suka je Burma a shekarun 1940, ko Kwango a farkon shekarun 1960, ko Yaƙin Basasa, ko Laberiya da Saliyo a shekarun 1990, ko yaƙin Arewa maso Gabas da ya faro a 2009, sukan dawo da wani hali da ba su tafi da shi ba. Sai dai ta ɗauki abin a matsayin ɗabi'a, alhali sau da yawa ciwo ne.

4.0 HANYOYIN TALLAFI

4.1 Na Hukuma

Hukumomin da suka shafi tsohon soja kai tsaye sun haɗa da Hukumar Fanshon Soja, wadda ofishinta yake Dutsen Alhaji a ƙaramar hukumar Bwari. Tun 2011 aka cire sojoji daga tsarin fansho na karo-karo da dokar 2004 ta kawo, aka bar su a hannun wannan hukuma. Akwai Cibiyar Sake Tsugunar da Sojoji da ke Oshodi a Ikko, inda ake koya wa masu shirin ritaya sana'o'i. Akwai kuma Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a 1964 domin kula da jin daɗinsu da na iyalan waɗanda suka rasu. Galibin aikin waɗannan hukumomi ya ta'allaƙa ne ga kuɗi da sana'a, kuma ko a nan ma da sauran aiki, domin a watan Disamba na 2024 da Janairu na 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu.

Batun lafiyar zuciya bai daɗe da fitowa fili ba. A watan Oktoba na 2022 ƙungiyar matan hafsoshin soja da na 'yan sanda ta aza harsashin wata cibiya a Abuja domin masu wannan ciwo. A wurin bikin ne Hajiya A'isha Buhari ta bayyana cewa maigidanta, Marigayi Muhammadu Buhari, ya yi shekaru yana fama da shi. A watan Janairu na 2023 kuma aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin Dokar Mahaukata ta 1958.

4.2 Na Al'umma

A bariki akwai wani tsari da ya cancanci manazarta su dube shi, wato muƙamin Magajiya. Wannan tsohuwar sarautar mata ce a ƙasar Hausa, wadda tarihin Daura ya shahara da ita, sai aikin soja ya are ta ya ba shugabar matan sojoji. Magajiya ce take sasanta ma'aurata, ta kai kukan mata gaban hukumar bariki, ta tsaya wa wadda aka yi wa rasuwa. Ranar da iyali suka bar bariki, ranar suke rabuwa da wannan gata. A gari irin Kuje abin da ya rage musu shi ne liman da malamin unguwa, ko fasto da Zumuntar Mata, sai mai unguwa, sai kuma tsofaffin abokan aiki.

Bai kamata a raina wannan ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda ake saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, su riƙa zuwa asibiti da rana, har ma ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin. A Amurka ma, a 1979 aka kafa cibiyoyin ba da shawara ga sojojin da suka dawo daga Biyetnam, aka ajiye su cikin unguwanni nesa da manyan asibitoci, kuma da yawa daga ma'aikatansu tsofaffin sojoji ne. Darasin da ke cikin misalan biyu ɗaya ne: mutum ya fi sakin jiki a cikin mutanensa, da harshen da yake mafarki da shi.

5.0 MATSALAR KALMOMI

5.1 Sunan Aikin

Aikin da ake magana a kai shi ne ƙwararre ya zauna da mai damuwa, ya saurare shi cikin sirri, ya taimaka masa har ya gano mafita da kansa. Aron kalmar Ingilishi ba zai yi ba, domin sunan mai wannan aiki idan ya bi ƙa'idar furucin Hausa zai fito ne a matsayin kansila, kalmar da tuni ta zama sunan zaɓaɓɓen wakilin mazaɓa a ƙaramar hukuma. Kalmomin gida da suke kusa su ne:

(3) nasiha, shawara, lallashi, ban-haƙuri, ban-baki, jaje.

Nasiha daga sama take gangarowa, daga malami zuwa almajiri ko daga uba zuwa ɗa, kuma tana ɗauke da zaton cewa wanda ake yi wa ya kauce hanya. Dattijon da ya yi shekara talatin yana ba da oda ba zai ji daɗin a ce wata yarinya sa'ar 'yarsa za ta yi masa nasiha ba. Lallashi da ban-baki an fi yi wa yaro ko mai fushi, kuma manufarsu a kashe maganar, alhali a nan so ake a buɗe ta. Jaje na lokaci ɗaya ne, ana yi a tashi. Shawara ce kaɗai ake yi tsakanin tsara da tsara, ita ce kuma mutum yake nema da ƙafarsa ba tare da jin kunya ba, har ma neman ta alama ce ta hankali. Daɗin daɗawa, nahawunta ma ya nuna haka: akan yi wa mutum nasiha, amma akan yi shawara da shi. Saboda haka zaman shawara ya fi dacewa da sunan aikin, mai yin sa kuma a kira shi abokin shawara, furucin da Bahaushe ya riga ya sani.

5.2 Sunan Ciwon

Likitocin Ingila sun fara rubutu a kan wannan ciwo a tsakanin sojoji tun 1915, amma sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta ba shi sunan da ake taƙaitawa da PTSD. Alamominsa sun kasu gida huɗu. Akwai dawowar abin da ya faru, a mafarki ko a farke, tamkar yanzu yake faruwa. Akwai gudun duk abin da zai tuno da shi. Akwai ƙuncin rai da zargin kai da janyewa daga mutane. Akwai kuma zama cikin ɗar-ɗar, da rashin barci, da zabura, da saurin fushi. Sai alamomin sun wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa ake kiran abin ciwo. Ba kowane soja yake kamuwa ba, ba kuma soja kaɗai yake kamawa ba.

Da wane suna Hausa za ta kira shi? Abin da aka fi ji shi ne taɓin hankali. A laccarsa mai suna Mutumin Kirkii, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma da Bahaushe yake auna nagartar mutum da su, kuma hankali da haƙuri da kunya da mutunci suna ciki. Idan haka ne, wanda aka ce hankalinsa ya taɓu an rushe masa ɗaya daga cikin ginshiƙan kirkinsa. Shaidarsa ta raunana, maganarsa a taron dangi ta rage nauyi, masu neman auren 'ya'yansa kuma za su fara bincike. Ba abin mamaki ba ne iyali su gwammace su ce iska ce ko sammu, domin waɗannan daga waje suke zuwa, ba su taɓa asalin gida. Illar ita ce, wanda aka ce iska ke damunsa ba a kai shi wurin likita sai abu ya yi nisa.

Ciwon damuwa ya fi sauƙi a kunne, amma an riga an saba amfani da shi ga wani ciwon daban, wato na matsanancin baƙin ciki. Raunin zuciya kuwa, ko da yake rauni abin alfahari ne ga soja, haɗa shi da zuciya yana ba da ma'anar ragwanci, wadda ita ce mafi munin abin da za a jingina masa. Tabo yana nufin ciwon da ya riga ya warke, kuma yana da ma'ana ta biyu ta abin kunya.

Kalmar da ta rage ita ce miki, wato ciwon da bai warke ba amma yana jin magani, wanda in an yi sakaci da shi ya zama gyambo. Wannan maƙala tana ba da shawarar a gwada mikin firgita. Furucin bai ambaci hankali ba, ya nuna musabbabi, bai kuma keɓanta ga soja ba. Wata fa'idarsa ita ce yana jawo kalmar fami, wato taɓa ciwon da ya fara warkewa. A daren 5 ga Yuli, 2022, 'yan bindiga sun fasa gidan yarin Kuje da bama-bamai, ɗaruruwan fursunoni suka tsere. Ga mafi yawan mutanen gari wannan dare ne na tsoro da ya zo ya wuce. Ga wanda ya taɓa kwana a ramin yaƙi, irin wannan ƙara tana iya mayar da shi can, ya yi makonni bai runtsa ba. Likita zai yi dogon bayani kafin matarsa ta gane, amma da ya ce mata an fama masa miki ne, ta fahimta nan take, ta kuma san ba laifinsa ba ne.

Sauya suna domin kawar da tsangwama ba sabon abu ba ne. A 2017 wani ayarin masana harshe da likitoci ƙarƙashin jagorancin Farfesa Herbert Igboanusi na Jami'ar Ibadan ya gabatar da karya-garkuwa a matsayin sunan ƙwayar cutar da ke haddasa ƙanjamau. Sai dai ƙirƙira daban, karɓuwa daban. Sai an kai kalma bakin masu ciwon da iyalansu an ji yadda ta zauna musu.

5.3 Sunan Iyalin

Akwai wani giɓin a ɓangaren mata. Matar da mijinta ya rasu mai takaba ce har wata huɗu da kwana goma idan Musulma ce, daga nan sai ta zama bazawara, sunan da ya haɗa ta da wadda aka saka. Uwar marayu ya fi kusa, amma ta fuskar 'ya'ya yake kallonta. Wadda aka ce mijinta ya ɓace a fagen fama kuwa ba ta da suna sam: ba ta shiga takaba ba, ba a yi mata ta'aziyya ba, ba ta kuma da miji a ɗaki. Malaman Malikiyya sun yi bayanin hukuncinta a babin wanda ya ɓace, kuma alƙali ne yake yanke shi, amma harshen yau da kullum bai tanadar mata ko gaisuwar da ta dace ba. Duk wani shirin tallafi da bai ambace ta da suna ba, da wuya ya tuna da ita.

6.0 LAFAZIN ZAMAN SHAWARA

Bayan suna sai lafazi. Haƙuri maganin zaman duniya ne, amma a zaman shawara yana iya zama murfi. A dubi waɗannan:

(4) Haba Baba, sai haƙuri. Kai fa namiji ne.

(5) Baba Samanja, yaya barci a 'yan kwanakin nan?

Jimla ta (4) ta rufe zancen, domin ta nuna masa cewa ci gaba da magana gazawa ce. Jimla ta (5) ta kira shi da girmansa na shekaru da na aiki, ta kuma shigo ta ƙofar jiki, wadda Bahaushe ba ya jin kunyar buɗewa. Daga barci sai mafarki, daga mafarki sai abin da ake gani a cikinsa. Haka nan matar da kunya ba za ta bari ta kai ƙarar mijinta ba, tana iya amsa tambaya irin wannan daga bakin mace 'yar'uwarta:

(6) Maman yara, in abin ya motsa masa, ina ku kan kwana?

Tambayar ba ta zargi kowa ba, amma amsarta za ta nuna ko akwai haɗari a gidan. Idan akwai duka, ko mutum ya fara zancen ya gaji da duniya, magana ta wuce hannun liman da fasto, sai a garzaya asibiti, kamar babban asibitin Kuje ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada.

7.0 KAMMALAWA

Wannan maƙala ta nuna cewa tallafin hukuma ga tsofaffin sojoji ya fi karkata ga fansho da sana'a, kuma a gari irin Kuje nauyin sauraren su yana wuyan iyali da malaman addini da abokan aiki, waɗanda da Hausa suke yin sa. Ta kuma nuna cewa kalmomin da ake da su a yanzu, musamman nasiha da taɓin hankali, suna iya korar wanda ake son jawowa. An ba da shawarar zaman shawara da abokin shawara da mikin firgita da fami, a matsayin abin gwaji.

Abin da ya rage aikin masana harshe ne. Kamar yadda aka tattara keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi a littafin Hausa Metalanguage na 1990, haka ya kamata sassan harsunan Nijeriya su haɗa kai da likitocin soja da Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji, a naɗi yadda masu ciwon da matansu suke bayyana shi da bakinsu, a tace, a fitar da ɗan ƙamus da ma'aikacin lafiya zai riƙe. Irin wannan aiki yana jiran masana Gbagyi da Gade da Tibi da sauran harsunan da 'ya'yansu suka yi aikin soja. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka daga bakin tsohon soja da iyalinsa ya kamata a fara.